Ƙanƙarar da Ya Kai Ruga

Tun da Ummaru ya shiga makarantar koyon gyaran firji da kayan lantarki a Kankiya, ba a taɓa ganin haƙoransa a waje kamar safiyar ran nan ba. Har mai gadi sai da ya tambaye shi ko tsintuwa ya yi.

Ai kuwa ta fi tsintuwa. Jiya da la'asar saƙo ya iske shi daga rugar Modibbo Bube da ke bayan Bauranya: a ce wa yaron nan ya turo magabatansa.

Shekara biyu cur yana jiran wannan magana. Haulatu ɗiyar Modibbo ce, bazawara, mijinta ya rasu tun ba ta cika shekara a ɗakinsa ba. Ummaru kuwa ɗan manoman Kusada ne, ko akuya ba shi da ita. Ranar da Modibbo ya fara jin zancen, cewa ya yi, "Mutumin da ba shi da ko maraƙi, wai sana'arshi sanyaya ruwa! Randa ma tana yi, kuma ba ta je makaranta ba."

A gida ma ba a raga masa ba. Inna Lami, mahaifiyarsa, kuka ta sa masa wiwi. "Kuɗin man fetur ya shigo ƙasa, kowane ma'aikaci na sayen firji, gobe jibi ka zama wani abu a Kaduna. Sannan ka rasa wadda za ka kwaso mini sai bazawarar daji?"

Ga kuma Sodangi, ɗan wan Modibbo, mai garken da in ya taso sai a tsaya a ba shi hanya. Shi ma Haulatu yake so, kuma ba ya ɓoyewa.

Sai damina ta zo da ciwon huhu. Shanun Modibbo suka kama tari suna zubewa, duk da an yi musu allurar rigakafi tun da bazara. Allurar nan kuwa Ummaru ne ya lallashe shi har ya yarda da ita. Ya buga ƙirji ya ce magani ne mai kyau, shi da hannunsa yake duba firjin da ake ajiye shi. Modibbo ya yarda, ya kuma bi rugage biyu na maƙwabtansa ya sa su ma suka yarda.

Duk ukun aka yi ɓarna.

Ummaru bai gudu ba. Kowane ƙarshen mako yana ruga, yana haƙa rami ana binne mushe, har tafin hannunsa ya salluɓe. Abin da ya karya zuciyar dattijon ke nan. Ya ce, "Yaro ya so mu da alheri, Allah ne bai nufa ba." Da Sodangi ya zo ya ce su haɗa garke su yi kudu, in dai za a ba shi Haulatu, Modibbo ya ce ba ya yi wa bazawara zaɓi, a tambaye ta. Aka tambaye ta, ta sunkuyar da kai ta ce ɗan Kusada.

To, kun ji dalilin haƙoran.

Ran nan injin wutar makaranta ba mai, don haka Malam Kabo ya sa aka ture manyan firjin lantarki gefe, aka jawo wani tsohon firji mai tsatsa tsakiyar aji. Malam Kabo dai ya yi shekara ashirin yana gyara a Kano kafin ya dawo koyarwa. Ga faɗa ga iya aiki, in ɗalibi ya riƙe filaya a karkace har mafarkinta sai ya yi.

Ya daki gefen firjin da tafin hannu. "Yau za mu yi na kananzir. Na san kun raina shi, kowa hankalinshi na kan mai lantarki. To, daga nan har Kusada, har Sukuntuni, ina kuka ga wayar wuta? Wannan shi ne abincinku."

Ya durƙusa ya zaro tankin kananzir, ya nuna musu lagwani, ya nuna bututun hayaƙi. Ya ce wuta shuɗiya ake so, in ta yi ja an yi aikin banza. Ya ce in ƙasa ba ta daidaita ba, ko a kwana ana hura shi ba zai yi sanyi ba.

Ummaru yana gyaɗa kai. Wannan duk ya sani, ai shi Malam ya taɓa aika ya canza lagwani a ɗakin ajiyar magani na malaman dabbobi.

"Saura babban," in ji Malam Kabo. "Na lantarki, ka zuba ruwa da hantsi, kafin la'asar ya zama dutse. Ko ba haka ba?"

Suka ce, "Haka ne, Malam."

"Wannan ba shi da mota, ba shi da gaggawa. In ka kashe mashi wuta ka sake kunnawa, ka zuba sabon ruwa, a zafin bazara, wallahi sai ya yi yini da kwana, wani lokacin kwana biyu, kafin ka ga ƙanƙara. Duk wanda ya manta wannan zai yi kisan kai bai sani ba."

Aka yi dariya. Malam bai yi ba.

"Dariya kuke? Bazarar nan da ta wuce Gajere malamin dabbobi ya zo mini da ƙorafi. Ya tara ƙanƙara kwana uku don ya zuba a fulas ɗin maganin shanu, zai fita allura wajen Bauranya. Ya zo da asuba ya buɗe firji, sai ruwa tsululu. Wai firji ya lalace. Na je na duba, lafiyarshi lau. Wani ɓarawon banza ne ya kwashe ƙanƙarar ya mayar da ruwa, halan ya kai kasuwa."

Alƙalamin Ummaru ya faɗi ƙasa. Bai ɗauka ba.

Ya tuna ranar sarai, yadda mutum ke tuna ranar sallah. Malam ya yi tafiya, ya bar masa saƙon ya je ya canza lagwanin. Ya kashe wutar, ya goge bututu, ya sa sabon lagwani, ya kunna. Da ya buɗe saman firjin sai ya ga ƙanƙara jere cikin gwangwanaye shida, fara tas.

Haulatu ce ta faɗo masa a rai. Ta taɓa ce masa ita fa ba ta yarda ɗan Adam na yin ƙanƙara ba, wadda ta sani daga sama take faɗowa da ruwan farko. Kullum tsokanarsa take, tana ce masa Mai Sanyi, mai sana'ar da ba a gani a ƙasa.

Ya juye gwangwanayen duka shida a buhu, ya cusa ƙaiƙayi, ya cika gwangwanayen da sabon ruwa ya mayar. A ransa ya ce kafin magariba ta sake daskarewa, wa zai sani? Ya ɗaure buhun a bayan keke ya taka kamar ana binsa. Kafin ya isa Bauranya fiye da rabi ya tsiyaye a hanya.

Amma ragowar ta isa. Haulatu ta ɗauki guda ta yar, ta yi ƙara wai ta ƙone ta. Ta sake ɗauka ta sa a kumatu, ta sa a goshi, sannan ta jefa a baki tana taunawa ƙurus-ƙurus, hawaye na zubo mata don dariya. Sauran ta zuba a ƙwaryar fura suka sha tare a gindin kanya. Ran nan ne ta fara ce masa, "In ba kai ba, na haƙura da aure."

Washegari aka yi wa shanun ubanta allura.

Ummaru ya ɗaga hannu. "Malam, to shi Gajeren ya fasa fita ke nan?"

"Ina fa! An riga an tara mashi shanun ruga uku, ya ce kunya ba za ta bar shi ya fasa ba. Ya naɗe fulas ɗin da jiƙaƙƙen buhu ya tafi."

"To... maganin fa, Malam? In ya sha zafi?"

Malam Kabo ya watsa hannu. "Ya mutu. Da shi da ruwan randa duk ɗaya. Kai lafiya, na ga kana gumi?"

Ya ce zazzaɓi ne. Malam ya ce ya je ya kwanta.

Bai kwanta ba. Bayan aji ya zaga ya zauna kan wata matacciyar fanka, ya riƙe kansa da hannu biyu. Innalillahi. Babu wanda ya sani. Gajere bai sani ba, Malam bai kawo shi a rai ba, Modibbo ya riga ya bar wa Allah. Goro na can an saya, Inna Lami da kanta ta sauko har tana zancen lefe. Abin da ya rage masa kawai ya ja bakinsa ya yi shiru, Haulatu ta zama tasa kafin kaka.

Wallahi ya gwada. Ya yi sallar azahar, ya sayi ɗanwake ya kasa ci, ya koma aji ya kama waya ya ɗaura ta a inda ba nan ba har Malam ya daka masa tsawa. Amma duk inda ya juya, ramukan nan yake gani, da hannun Modibbo a kafaɗarsa yana sa masa albarka.

Ana tashi ya hau keke.

Ya iske Haulatu a bakin rijiya bayan ruga tana wanke ƙore. Ta rame, wuyanta ya fito, amma da ta hango shi fuskarta ta washe.

"A'a, Mai Sanyi! Yau ba asabar ba. Saƙon ne ya hana ka zama?"

Ya jingine keken. Ya kasa kallonta.

"Haulatu, zauna. Magana na zo da ita."

Ta ajiye ƙwaryar a hankali. "Innarka ce ta sake tuburewa?"

"Da ita ce da sauƙi. Kin tuna ƙanƙarar da na kawo maki?"

Ta yi dariya. "Yo zan manta? Har yau in na tuna sai haƙorina ya amsa."

"Ba tawa ba ce."

"To ta wa ce? Ta Malaminku? Ai ya yafe."

"Ta maganin shanu ce."

Ya faɗa mata duka. Bai rage ba, bai kuma yi wa kansa kwalliya ba. Gwangwani shida, sabon ruwa, yini da kwana, jiƙaƙƙen buhun Gajere. Tana saurare, murmushin na janyewa kaɗan-kaɗan har ya ƙare.

Can ta ce, "Ban gane ba. Sake faɗi."

Ya sake.

"Wato da ƙanƙarar nan tana cikin fulas, da allurar ta ci?"

"Allah ne masani. Amma rugagen da aka yi wa a wasu ranaku, nasu na nan."

"Da Saye na nan?"

Saye ita ce saniyar da mahaifiyarta ta bar mata. Ita kaɗai ce abin da ya rage mata na uwa. Ummaru da kansa ya haƙa raminta, Haulatu na tsaye tana riƙe da igiyar.

Ya ce, "Wataƙila."

Sai ta ɗora hannu biyu a ka. Ba ta yi kururuwa ba, kukan ma a hankali ya fito, kuma shi ya fi ciwo.

"Wayyo Allah, ni Haulatu. Ashe shanun Baffa na tauna. Ina tauna ina dariya. Har cewa na yi ka ƙaro."

"Ba ke ba ce! Ni ne, ni na ɗauko, ke mi kika sani?"

"Kai kuma mi ka sani? Ba makaranta kake ba? Ba kai ka dafa ƙirji gaban Baffa ba?"

"Ba a koya mana ba sai yau. Na ɗauka duk firji ɗaya ne. Na rantse da Allah so nake kawai ki gani, ki san ba ƙarya nake ba, ina da sana'a."

"To na gani," in ji ta. "Duk ruga uku mun gani."

Ya durƙusa a gabanta, namiji guda, hawaye shaɓe-shaɓe. "Ki yafe mini. Yanzu zan shiga wurin Baffa in faɗa mashi. Ya kai ni gaban alƙali, ya sa a ɗaure ni, duk na yarda. In na fito in yi ta aiki har in mayar mashi da garkenshi, ko zan shekara talatin."

Ta ɗago da sauri. "Kada ka kuskura."

"Haulatu, gaskiya ce."

"Gaskiyar ta yi mashi mi? Ka san abin da ke riƙe da tsohon nan? Cewa Allah ya ba shi, Allah ya karɓa. Da wannan yake iya cin tuwo. Maƙwabta sun daina gaishe shi, suna cewa shi ya jawo masu allura, yana haƙuri don ya san bai cuci kowa ba. Yanzu ka je ka ce mashi ba annoba ba ce, saurayin ɗiyarshi ne ya kawo mata abin wasa? Gobe a ji a kasuwar Kusada, a ce garke uku sun tafi a ƙwaryar furar Haulatu? Ka sauke nauyin daga kanka ka ɗora mashi, kai ka samu barci?"



"To mu bar shi tsakaninmu," ya ce. "Ni da ke. Mu yi aurenmu, in riƙe Baffa kamar ubana, ba zai nemi komai ya rasa ba."

Ta dube shi, kallon da bai taɓa gani a idonta ba. Babu ƙiyayya a ciki, kuma da akwai da ya fi masa.

"Mi ya sa ka faɗa mini? Da ka yi shiru da na aure ka, da na mutu ina ganin babu kamarka."

"Ba zan iya kwana ɗaki ɗaya da ke da wannan a cikina ba."

"To ni ma ba zan iya ba." Ta share fuska da bakin mayafi, wasu suka sake zubowa. "Kai fa mai gyaran firji ne. Duk gidan da ka kai ni, akwai shi a ciki. Ka dawo daga aiki in buɗe in ɗebo maka ruwan sanyi. Baffa ya zo ganina in ba shi ya sha, ya sa mana albarka. Kullum, har in tsufa. Ina son ka, Allah ya sani, ko yanzu da nake maganar nan ina son ka. Amma maƙogwarona ba zai wuce da ruwan gidanka ba."

"Sai Sodangi ke nan?"

"Ba na son shi, shi ma ya sani. Amma zai tafi da Baffa kudu cikin shanu, ya tashi da safe ya ji kukansu. Wannan kaɗai zan iya mayar mashi."

"Ni kuma fa? An ce in turo. In ban turo ba, mi zan ce?"

"Kada ka ce komai."

"Kin san abin da za a ce. Za a ce na ga dukiya ta ƙare na zame."

"Za a ce." Ta haɗiye kuka. "Ni zan ɗauki Sodangi, kai ka ɗauki wannan. Ummaru, in ka taɓa sona, ka ɗauka."

Tun da suke ba ta taɓa kiran sunansa ba sai ran nan.

Gyaran murya suka ji daga bayan zana. Modibbo ne ya dawo daga kiwo, sanda a kafaɗa, 'yan shanun da suka rage na biye da shi, ba su kai a tsaya ƙirgawa ba. Haulatu ta juya da sauri ta kama wanke ƙwaryar da ta riga ta wanke.

Dattijon ya washe baki. "A'a, ɗan Kusada! Ka ga yaro, ko kwana biyu bai iya bari ba. Ke kuma kukan na mene ne, ai ba yau za a kai ki ba."

Ummaru ya zube ya gaishe shi. Modibbo ya kamo hannunsa ya juya tafin, ya shafa tabon da haƙan rami ya bar masa.

"Hannun nan ya yi mini abin da 'yan'uwana ba su yi ba. Da can na yi maka magana maras daɗi, ka yafe wa tsoho. To, yaushe manyan naka za su zo? In sani, in sa a share wuri."

Ummaru ya ɗaga ido. Haulatu ta ba su baya, amma hannunta ya tsaya cak a cikin ruwa.

Maganar na nan a bakinsa, duka, tun daga gwangwani na farko. Ya haɗiye ta.

"Ba za su zo ba, Baffa."

Modibbo bai saki hannun nan take ba. Ya dube shi, ya dubi bayan ɗiyarsa, sannan ya waiwaya ya daɗe yana kallon 'yan shanunsa. A hankali ya buɗe yatsunsa.

"To," ya ce. "Na gane. Ai garken ya ragu."

Ummaru bai ce a'a ba.

"Ba komai, yaro. Kowa na duba gabanshi." Ya gyara sandarsa, ya juya wajen ɗiyarsa. "Haulatu, ba baƙo ruwa ya sha kafin ya kama hanya. Da nisa Kankiya."

Ta ɗebo daga guga, ta miƙo masa da hannu biyu ba ta dube shi ba. Ruwan rijiya ne, da ɗuminsa. Ya shanye tas, ya ajiye ƙwaryar a ƙasa, ya ja kekensa. Har ya fita daga Bauranya bai iya hawa ba.